Wa zai raɗa wa ƙwayoyin tekunmu suna?

Malam Edita, assalamu alaikum.

A watan jiya na raka surukina zuwa garin Axim, inda yake saro bandar kifi ya kawo kasuwar Nima a Accra. Mun tarar da masunta suna zazzage taru, kifi ɗan kaɗan, sauran duk ciyawar tekun nan mai ruwan ƙasa da ake kira sargassum, wadda tun 2011 take cika gaɓar yammacin Ghana. In ta ruɓe, warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa tsine mata yake yi, kuma ban ga laifinsu ba, abincinsu take tarewa. Amma da na ɗebo kaɗan na murza na ji yauƙinta, sai malantar kimiyyar da na yi shekaru ina yi ta motsa mini.

A cikin wannan yauƙi ƙwayoyin bakteriya suke zaune, kuma ba duk bakteriya ce cuta ba. Ciyayin teku da yawa ba sa iya haɗa bitamin B12 da kansu, daga waɗannan ƙwayoyi suke samu. Koriyar ciyawar nan mai suna Ulva da ke manne da duwatsun bakin ruwa, in aka raine ta babu bakteriyarta ba ta buɗe ganye, sai ta dunƙule kawai.

To, in mai bincike ya ci karo da ƙwayar da yake zaton sabuwa ce, ba ya tashi kawai ya sa mata suna. Sai ya raine ta ita kaɗai a faranti kan agar, wani daskararren abu da ake rainon ƙwayoyi a kansa, wanda shi ma daga jar ciyawar teku ake samo shi. Ya karanta wani yanki na ƙwayar gadonta da ake kira 16S rRNA, ya gwada da na danginta da aka sani. In kamar ba ta kai kashi 98.7 cikin 100 ba, an fara zaton baƙuwa ce. Daga nan a gwada ƙwayoyin gadon gaba ɗaya, a ga ko kamar ta gaza kashi 95 zuwa 96, a auna gishirin da take jurewa da zafin da take so da abin da take ci. Sharaɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe: dole a ajiye ta da ranta a rumbunan ƙwayoyi biyu a ƙasashe biyu, irin na Braunschweig a Jamus ko na Koriya ta Kudu, kafin sunan ya tabbata.

Kusan haka aka yi wa ƙwayar Zobellia galactanivorans, wadda aka ciro daga jikin wata jar ciyawa a Roscoff ta Faransa, aka raɗa mata suna a 2001. Tana da sinadaran da ke narkar da agar. A 2010 kuma, ta hanyar nazarinta, aka gano irin waɗannan sinadarai a bakteriyar hanjin wasu Japanawa, waɗanda cin ciyawar teku al'adarsu ce. Ƙwayar da ke iya narkar da ciyawa, ai mu da ciyawa ta toshe wa gaɓa mun fi kowa buƙatar saninta.

Ba na jin kayan aiki ne matsalarmu. A 2020 masana a jami'ar Ghana da ke Legon, a cibiyoyin bincikenta na Noguchi da WACCBIP, sun karanta ƙwayoyin gadon korona nan gida. Muna da sashen nazarin teku da kifi a Legon, muna da jami'ar Cape Coast a bakin ruwan. Roƙona ga hukumomi shi ne a ware kuɗi ga ɗaliban da za su bi gaɓa daga garin Ada a gabas zuwa Half Assini a yamma suna ɗebo samfuri, a kuma gina rumbun ajiya da duniya za ta yarda da shi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce ƙasar da aka ɗebi halitta a cikinta tana da rabo a amfanin da aka samu, amma wanda bai san abin da ke gidansa ba, ta yaya zai nemi rabo?

Iyayen Zango kuma, ba likita da nas ne kaɗai karatun kimiyya ba. Jikata tana ajin ƙarshe na sakandare. Na kawo mata ciyawar a kwalba da ruwan tekunta, ta kai wa malaminsu su duba a madubin ƙara girma.

Naku,
Tsohon malamin kimiyya,
Nima, Accra