Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa

Mai girma Minista, barka da aiki.

A watan Nuwamban 2025 ka sanar da soke koyarwa da harshen uwa, ka ce daga ajin share fage har jami'a sai Turanci, wai harshen uwa ke kayar da ɗalibai a WAEC da NECO da JAMB. To ranka ya daɗe, a yi lissafi mana. A ƙarshen 2022 aka amince da tsarin harshen uwan nan, zamanin ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu. Yaron da ya rubuta WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya tun wajen 2013. Tsarin da ya same shi a babbar sakandare, ta ina ya kayar da shi? In kuma tanadin harshen uwa da ke cikin manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kake nufi, littafi nawa aka kai ajin ƙauye dominsa? An yanke wa kare ciyawa, an ce ya ƙi ci.

Ka leƙa ajin 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Rubutun Hausa yadda ake furtawa haka ake rubutawa: wasula biyar, kowane da sautinsa. Malama ta koyar da a, sai n, sai k. Yaro ya haɗa gaɓa, na, ka, kafin zango ya ƙare ya karanta "nan" da "kaka", ya kuma san wace ce kaka. A Turanci harafin a kaɗai sautinsa ya fi uku, sautin c kuwa ba irin na Hausa ba ne. Idan aka ɗora wannan a kan yaron da bai taɓa jin harshen a gida ba, sai ya koma hadda. Aji ya ɗauka da ƙarfi, iyaye su ji daɗi, amma ka rufe allo ka nuna masa harafi ɗaya, shiru. Malamar ma, da ta ga ba sa bin ta, Hausar take komawa a ɓoye, ba littafi ba horo.

Ba wanda ya ce a kori Turanci. Minti ashirin a rana na baka, gaisuwa da waƙa da sunayen abubuwa, ya wadatar a wannan shekarun. Sauran lokacin tatsuniya ce a sa su maimaita da bakinsu, kacici-kacici, ƙirga da tsakuwa zuwa ashirin. Inda Fulfulde ko Kanuri ko Nupe ke gida, da su za a yi.

Kuma ba sabon gwaji ba ne. Farfesa Babs Fafunwa ya yi shi da Yarbanci a Ife tun 1970, yaran ba su rasa Turanci ba. Littattafan koyon karatu da Hausa na Mu Karanta suna nan a Sakkwato da Bauchi, na shirin karatu da lissafi na RANA a Katsina da Zamfara. A ƙona su ne?

Don Allah ka fito da alƙaluman da ka dogara da su, jiha-jiha, masana su duba. Kafin nan, a cire ajin share fage da aji ɗaya zuwa uku daga wannan umarni, a sa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ta buga littattafan.

Malaman horar da malaman ƙananan yara