Muryata Tana Ɗaukewa Idan Na Tsaya a Gaban Aji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Hajiya, ina gaishe ki da fatan kina lafiya tare da iyali da duk masu taimaka miki a wannan shiri. Na daɗe ina sauraron shawarwarin da kike bayarwa, kuma ganin yadda kike ɗaukar damuwar 'ya'yan mutane tamkar ta 'ya'yanki ne ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto miki tawa.

Ni ɗaliba ce mai shekara 19, ina aji ɗaya a jami'a, ina karanta ilimin koyarwa a fannin nazarin halittu. Cikin kwasa-kwasan da suka zama dole ga duk ɗan aji ɗaya akwai GST 111, wanda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta tanada a sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, domin koyar da sadarwa da harshen Ingilishi. Ana koyar da furuci da ginin jimla da rubutu da sauraro, sannan da yadda ake jawabi a gaban jama'a. Ɓangaren rubutu bai taɓa ba ni wahala ba, domin na ci Ingilishi a WAEC da sakamako mai kyau. Sai da na zo jami'a na gane cewa ko takardar furuci da muka zauna a WAEC a rubuce muka amsa ta, zaɓi ne kawai tsakanin amsoshi huɗu, har na gama sakandare babu wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce in yi magana ta minti biyar da Ingilishi.

Makonni uku da suka wuce malaminmu ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowa zai yi jawabin minti uku. Na kwana huɗu ina haddar nawa, har ƙanwata ta iya shi saboda yawan ji. Ranar da aka kira sunana, na hau dandamalin babban ɗakin lacca, na karɓi makirufo, na ɗaga kai na ga mutane sun fi ɗari uku. Nan take bakina ya bushe, takardar da ke hannuna ta fara karkarwa har na ji ƙararta a lasifika. A jimla ta biyu na musanya harafin p da f, abin da yake yawan faruwa ga mu Hausawa saboda harshenmu bai bambanta su ba, sai wasu daga baya suka kwashe da dariya suna maimaita kalmar. Daga nan ban ƙara ganin rubutun da ke gabana ba. Na miƙa makirufo na sauka, na koma kujerata na rufe fuska da mayafi har aka tashi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, Hajiya, shi ne ni ba mai tsoron taro ba ce tun asali. A Islamiyya na shiga musabaƙa sau biyu, na yi karatu a gaban alƙalai da iyaye ba tare da muryata ta yi rawa ba, kuma ni ce na yi jawabin godiya da Hausa ranar walimar saukarmu. Me ya sa harshen da yake sakewa a can yake ɗaurewa a nan?

Akwai kuma wani abu da na kasa faɗa wa kowa. Malamin ya ce mai jawabi ya kalli idon masu sauraro, ya ɗaga murya, ya motsa hannu. Ni kuwa a gidanmu an tashe ni a kan cewa 'ya mace tana sunkuyar da kai a gaban manya, tana sassauta murya, kuma ba na ganin wannan tarbiyya a matsayin aibi, ina alfahari da ita. Amma duk lokacin da na yi ƙoƙarin kallon mutane, musamman maza, sai in ji kamar na yi rashin kunya, idan kuma na sunkuyar da kai a ce ban shirya ba. Mahaifiyata ta ce in riƙa karanta addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, da ke cikin Suratu Ɗaha daga aya ta 25 zuwa ta 28, kuma ina yi, ina samun natsuwa. Ta kuma tuna mini cewa jaji, wato malamai mata da Nana Asma'u ta horar, sun riƙa shiga ƙauyuka suna karantar da mata da bakinsu, ba wanda ya ce sun zubar da mutunci. Na yarda da ita a zuciya, amma ƙafafuna ba su daina rawa ba.

Yanzu malamin ya ba waɗanda suka kasa damar maimaitawa nan da kwana goma. Shugaban rukuninmu, cikin kyakkyawar niyya, ya ce in kawo uzurin rashin lafiya, shi zai roƙa a karɓi aikina a rubuce. Raina yana so, amma ƙarya ce, kuma na san akwai koyarwar gwaji a gabana, akwai kare kundin bincike a shekarar ƙarshe, kuma burina shi ne in koma garinmu in koyar da 'yan mata kimiyya. Wadda ta gudu daga minti uku, yaya za ta riƙe aji na minti arba'in?

Don Allah Hajiya ki ba ni shawara. Shin in ci gaba da hadda kalma da kalma, ko haddar ce take sa in rikice idan kalma ɗaya ta kuɓuce mini? Wata ƙawata ta ce in shiga ƙungiyar muhawara ta ɗalibai, amma ina tsoron kada a sake yi mini dariya tun kafin wancan ciwon ya warke. Sannan ina roƙon ki faɗa mini, a matsayinki na uwa wadda take magana da dubban mutane kowane mako, ina za a sa ido idan ana jawabi, ta yadda mace za ta isar da saƙonta ba tare da ta ji ta bar kunyarta a bakin ƙofa ba.

Idan da hali, ina fatan a karanta wannan wasiƙa kafin ranar Laraba ta sama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

'Yarki mai sauraro,
daga Jihar Katsina