Wasiƙa zuwa ga 'yata a Zariya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yarinyar da Gwaggonki da duk mutanen gidan. Mu nan Funtuwa lafiya lau, sai ƙafar mahaifinki da ke motsawa in an yi sanyi.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya "to Inna" kawai kike ce mini, ki bar ni da magana a baki.

Ranar da kika gama idda kika ce Zariya za ki koma ki gyara jarrabawarki, ni na tsaya miki a gaban kawunnanki, kin kuma san abin da aka faɗa mini a tsakar gidan nan. Raina ya yi fari da na ji kin yi rajistar NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi ƙarshen shekara, kina zuwa darasin yamma, da safe kuma kina kan keken Gwaggo kina ɗinkin hijabai. Kiredit 5 ake nema, da Turanci da lissafi a ciki, ke kuwa lissafi da kimiyyar sinadarai kaɗai suka riƙe ki. In Allah ya ba ki su, ga makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris nan Maƙarfi kusa da ku. Matan ƙauyukanmu nawa ke ƙin zuwa awo don namiji za su tarar a ɗakin? Kina da wurin zama a wannan aiki.

To sai ga magana ta iso ni ranar sunan gidan Baba Ƙarami. Wai akwai wani Alhaji mai mata 3 da ke faka mota ƙofar gidan Gwaggo bayan isha'i, har an fara zancen a ɗaura kafin azumi. Wai kuma tun da kika ji wancan, tsohon mijinki, zai yi amarya kika ce sai kin riga shi. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Auren huce haushi ne wannan, ko da wane suna kika kira shi. Ke kike ganin za ki ƙona masa rai, shi kuwa ko a jikinsa, yana can ana yi masa fentin ɗaki. Ke ce za ki tashi da asuba a gidan da ba ki san halin kowa ba, ta huɗu, kishiyoyi na ƙirga miki kwanan girki, littattafanki na ƙarƙashin gado. Ya ce zai bar ki ki yi karatu? Haka wancan ya faɗa, a zauren nan, a gaban shaidu. Kuma kin yi tunanin yarinyar? Je ki tambayi kowane malami: a mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'yarta har ta yi aure, amma da zarar uwar ta tare da wani mijin da ba muharramin yarinyar ba, haƙƙin ya bar hannunta. A shari'a ni zai dawo wa, sai dai kin san dangin ubanta, ƙofa kawai suke jira. Ko dai su ɗauke ta matar uba ta rene ta, ko ta bi ki ta zama agola tana cin tuwo a raɓe. Wanne za ki iya kallo? Ni dai ba ko ɗaya. Ashe duk kukan da kika yi mini a ɗakin nan, wata 5 ya isa ki manta?

Na san a ranki kina cewa mu muka cire ki daga aji. A lokacin mutumin nan ya zo da iyayensa da mutuncinsa, an yi bincike, an yi istihara, ba wanda ya kawo aibunsa. Abin da iyaye ke yi muka yi, gaibu kuwa sai Allah.

Kada ki ɗauka aure nake hana ki. Zawarci ba abin kunya ba ne, kuma ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan sake raka ki ɗakinki. Ummu Salama da Abu Salama ya rasu ya bar ta da marayu, addu'a ta riƙe, Allah ya ba ta lada a musibarta ya musanya mata da mafi alheri. Sayyadina Abubakar ya nemi aurenta ba ta amsa ba, daga baya ta zama matar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ki riƙe addu'ar nan. In mutumin na kirki ne, ya jira sakamako ya fito, sannan ya turo magabatansa wurin mahaifinki, a rubuta maganar karatun a takarda.

Mahaifinki bai ji ba tukuna, kuma ba na so ya ji a bakin wani. Ki kira ni daren Juma'a bayan ya fita masallaci, ki faɗa mini gaskiya, ba zan yi miki faɗa ba. Na ba direban da ya saba kawo saƙo kuka da daddawa da ɗan kuɗin darasin wata 2, da takalmin yarinyar. In ya matse ta ki aiko da shi a canza.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.