Fim ɗin da ya haɗa mu musu ranar Asabar

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Ranar Asabar muka kalli Past Lives a falo, ni da maiɗakina da ƙanwarta da maƙwabcinmu, kuma har yau ba mu gama musu a kansa ba. Shi ne fim na farko da Celine Song ta ba da umarni, an fara haska shi a bikin fina-finai na Sundance a 2023, har ya shiga takarar Oscar a rukuni biyu. A cikin labarin, Nora da Hae Sung sun taso tare a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, suna 'yan shekara 12 iyayenta suka ƙaura da ita Kanada. Bayan shekara 12 suka gano juna ta Facebook, suka yi ta hira ta Skype, sai ita ta yanke. Da wasu shekaru 12 suka shuɗe ya taka har New York, ya tarar da ita a gidan mijinta, Arthur.

Ƙanwar maiɗakina ta ce ita ba ta ga soyayya ba. Namijin da ya yi shekara 24 yana dakon mace, ya zo kuma ya kasa cewa uffan, wai ragon maza ne. Maƙwabcinmu kuwa jan labarin ne ya gundure shi, sannan bai ji daɗin zancen "inyon" ba, wato imanin Koriyawa cewa ma'aurata sun sha haɗuwa har sau 8,000 a rayuwoyin baya. Na yarda ba aƙidarmu ba ce, amma na tuna masa mu ma muna cewa matar mutum kabarinsa.

Ni dai Arthur ne ya tsaya min a rai. Akwai inda suke kwance, yake gaya mata cewa in tana magana cikin barci da Koriyanci take yi, shi kuma ba ya fahimta. Ga kuma daren da su ukun suka fita: su biyu suna ta hira da yarensu, shi yana gefe shiru, ya zuba wa kofinsa ido. Bai ɗaga murya ba, bai hana ta ganin mutumin ba. Da ta raka Hae Sung ya shiga mota ta dawo tana kuka, a bakin ƙofa ta same shi yana jiranta. Wallahi a nan na ga maiɗakina tana share hawaye da gefen mayafinta, ni ma sai da maƙogwarona ya ɗaure.

Don Allah ka nema ku kalla tare da madam, ka rubuto min ɓangaren da kuka faɗa. Ka gaida yara.

Naka har kullum,
Amininka