Rahoton Kwamitin Gini Kan Kammala Barga da Filin Hawan Yara Masu Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, dattawan masallaci, iyayen yara, da duk wanda ya sa kuɗinsa ko guminsa a wannan aiki, ga bayanin amanar da kuka ɗora mana. Aikin ya kammala, dawakai sun tare, yara sun fara hawa. Ni sakataren kwamiti na rubuta, an karanta a gaban sauran 'yan kwamiti, sun yarda a fitar da shi har da wuraren da ba su yi mana daɗi ba.

Waɗanda suka riski abin daga baya za su so sanin mafarinsa. A wata tsohuwar barga ta aro muka fara a cikin gari, ranakun Alhamis da Juma'a da Islamiyya take hutu, da ƙuru guda biyu da wani dattijon zagi da ya shekara da shekaru yana riƙe wa masu sarauta doki a Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Yaran da ake kawo mana yawanci waɗanda shawara ta kama suna jarirai ne ko aka sha doguwar naƙuda wajen haihuwarsu, jiki ya sandare ko ya saki. Sai 'yan shan-inna manya-manya, waɗanda cutar ta taɓa kafin a shelanta rabuwar Afirka da ita a watan Agustan 2020. Sai yaran da ba sa magana, ba sa haɗa ido. Mutanen gari suna ce wa waɗannan galahanga. Mu a wurin nan ba ma kiran ɗan kowa da haka.

Lungun bargar Adaidaita ba ta shiga. Uwa za ta goyo ɗan shekara 9 tun daga bakin titi, ta iso tana haki, sannan maza biyu su cicciɓe shi su ɗora a kan doki kamar buhu. Wata rana wani yaro ya suɓuce daga hannun masu ɗagawa, Allah ya kiyaye zagi ya tare shi da ƙirji. A ranar Malaminmu ya ce a nemi fili. Wani bawan Allah da ya hana a faɗi sunansa ya ba da fuloti wakafi ta wajen hanyar Panshekara, aka kafa wannan kwamiti.

Har gobe ana tambayarmu mene ne haɗin doki da yaron da ba ya iya zama, kuma tambayar ba laifi ba ce, domin mu a Kano doki abin ado ne da sukuwa. Ma'aikaciyar gashin ƙashi da take duba mana yaran kyauta ta yi wa kwamiti bayani tun kafin a haƙa harsashi. Idan doki yana tafiyar taƙama, bayansa yana jujjuya ƙugun wanda ke kai gaba da baya, hagu da dama, kusan yadda ƙugun mutum yake yi idan yana tafiya da ƙafarsa. Yaron da bai taɓa taku ba, jikinsa yana ɗanɗana tafiya. Kowane taku sai ya gyara zama, naman baya da na ciki suna aiki bai sani ba, ɗumin jikin dokin kuma yana sassauta cinyoyin da suka ɗaure. Ta ba mu labarin Lis Hartel, 'yar ƙasar Denmak da shan-inna ta shanye wa ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, amma ta ci lambar azurfa a hawan doki a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952. Bayanta ne abin ya bazu a Turai, a 1969 aka kafa ƙungiyoyinsa a Ingila da Amurka. Abin da ya tsaya mini a labarin shi ne, duk gwanintarta sai an ɗora ta ake yi, an kuma sauke ta. Wato matsalar hawa da sauka ta girmi bargarmu.

Malam kuwa ya tunatar da mu hadisin da ya ce alheri a ƙulle yake a makwarkwaɗar dawakai har ranar alƙiyama, ya haɗa da dalilin saukar Suratu Abasa a kan makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Ya ce wanda Allah ya yi wa Annabinsa magana a kansa, ba mu ne za mu bar irinsa a ƙuryar ɗaki ba.

Abin da aka gina

An kewaye fulotin da katangar bulo, an sa ƙofa mai faɗin da mota za ta shigo har gindin rumfa. An yi ɗakunan dawakai 3 masu buɗaɗɗen sama don iska, da sito na harawa da dusa wanda aka ɗaga daɓensa saboda gara da laima. An haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola, da tanki, da kwamin shan ruwa. Akwai rumfar iyaye mata da labule, wurin alwala da ɗan dandamalin sallah, da bandaki 2 masu faɗin ƙofa da ƙarfen dafawa. Rodi da kwano daga Ƙofar Ruwa aka saya, katako daga Na'ibawa. Waɗannan duk sun tafi daidai, babu abin tsayawa a kai.

Dakalin hawa

Nan ne muka yi kuskure, kuma na kwamiti ne, ba na birkila ba. Abin da ake buƙata dakali ne mai tsayin inci 30, doki ya tsaya a gefensa bayansa ya zo daidai, yaro ya zame ya zauna ba tare da an ɗaga shi sama ba. Zuwa kan dakalin kuma sai an yi gangare da keken guragu zai hau. Ƙa'idar da ake bi a ko'ina ita ce duk inci 1 na tudu a ba shi ƙafa 1 ta tsawo, wato namu ƙafa 30 ya kamata ya ci. An faɗa mana wannan a taro. Ba mu rubuta wa birkila ba. Ranar da ya zo awo, mu biyu da muke wurin muka ga ƙafa 30 za ta cinye gefen fili, ga siminti yana ta tashi, muka ce ya yi ƙafa 12 ya isa. Ya yi shi sumul, har da shafe mai santsi kamar tangaran.

Da ya bushe muka gayyato wata uwa da ɗanta mai keke su gwada. Ta turo shi zuwa rabi, keken ya fara dawowa da ita. Ta sa gwiwa ta tokare, takalminta yana zamewa, yaron ya ƙanƙame hannun kujera yana kallon sama. Muka ruga muka riƙe. Da ta nutsu ta gyara mayafi ta dubi shugaban kwamiti ta ce, "Baba, ku da kuka gina, wa ya taɓa tura keke a cikinku?" Babu wanda ya amsa.

Washegari aka sa guduma. Birkilan ya ce, "Alhaji, ni abin da aka ce na yi na yi," kuma gaskiya ya faɗa, an biya shi ladan aiki sau biyu. Sabon gangaren ƙafa 30 ne, an karya shi gida biyu da wurin hutawa a tsakiya, an ja masa tsintsiya tun siminti yana ɗanye don kada ya yi santsi, mai walda ya sa ƙarfen dafawa hagu da dama, da ɗan kangi a ƙasa don kada taya ta fita. Kuɗin rushewa da sakewa mu 'yan kwamiti muka haɗa daga aljihunmu, ba a taɓa asusun jama'a ba. Tun daga nan muka sa mata biyu daga iyayen yara a kwamiti, abin da ya kamata a yi tun farko. Su ne suka sa aka juya ƙofar bandaki tana buɗewa waje, aka kuma yi benci mai faɗi a ciki na canja wa babban yaro kaya. Dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wanda zai bi ta, ya fara nemo mai keke kafin ya nemo birkila.

Fili da ruwa

Ƙaramin filin horon doki a ƙa'ida mita 20 ne a 40. Fulotinmu bai kai ba, mun samu ƙafa 60 a 90, kuma ya wadatar tunda babu mai sassarfa balle sukuwa. An yi cikon marmara, an daddaɓe, aka zuba yashin Challawa. Mu a tunaninmu yawan yashi shi ne tausayi, ko yaro ya faɗo ya faɗo a laushi, don haka muka jibga kusan inci 6. Baba zagi ya jawo ƙuru ya zaga sau ɗaya, ya tsaya, ya tsuguna ya shafa bayan ƙafar dokin, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai rairayin Sahara ne. Wata guda jijiyarsa za ta kumbura." Likitan dabbobi ya gaskata shi, ya ƙara da cewa idan kofato yana nutsewa takun yana lalacewa, takun kuwa shi ne maganin da muka zo nema. Samarin Islamiyya suka kwashe da baro a yini biyu, aka bar inci 3. Ragowar ya shiga filasta, bai tafi a banza ba.

An yi musu sosai a kan kwata. Wasu sun so a fara yi wa katangar gaba filasta da fenti da allon suna, don masu ba da taimako su ga abin nunawa. Ma'aji ya kafe a kan magudanar ruwa, har aka tashi taro biyu ba a yi musabaha da kyau ba. Ruwan Agusta ya raba gardama: unguwar ta cika, filinmu ya tsane kafin la'asar. Katangar gaba har yanzu bulo ne tsirara, kuma ni dai ban ga ta hana kowa shigowa ba.

Shingen filin katako ne mai santsi, an goge shi, an juya kawunan kusoshi waje. An bar darbejiyar da muka tarar a kusurwar gabas duk da ta ci mana wuri, yanzu a ƙarƙashinta doki yake hutawa.

Dawakai da kayan hawa

Wani attajiri ya aiko mana da ingarma akawal, kyakkyawa, da sirdinsa da jalalarsa. Mun gode, mun kuma mayar da shi da girmamawa. Dokin da ya saba da ƙarar bindiga da kalangu, aka koya masa ya ɗaga ƙafa sama idan an ja linzami, ba zai tsaya cik a gefen dakali yaro yana kururuwa yana dukan wuyansa ba. Mai shi ya fahimta, ya musanya mana da harawar shekara. Hawan Sallar Kano da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disambar 2024 abin alfaharinmu ne duka, amma doki na can daban, na nan daban. Na ukun da muka ƙara tsohon kili ne mai sanyin hali da aka yi ritaya da shi daga wata barga.

Sirdin gargajiya mai kwacciya gaba da baya ma mun ajiye shi, domin yana raba yaro da motsi da ɗumin dokin. Wani baduku a Kasuwar Kurmi ya ɗinka mana shimfiɗa mai kauri da majayi mai hannun kamawa biyu. Linzami mai kaifi ba ya shiga bakin dokinmu, ragama kawai. Kowane hawa mutum uku ne: zagi a gaba, biyu a gefe suna dafe da cinyar yaro. Hular kwano dole ce.

Kuɗi

Taimakon ya zo ta asusun Juma'a, da karo-karon iyaye, da sadakar watan azumi, da wasu da suka kawo siminti da bulo a maimakon kuɗi. Lissafin da muka yi da farko ya wargaje bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin tifa da na siminti suka yi sama, aiki ya tsaya damina guda cur. Ba a bin mu bashi. Cikakken lissafi da kwafin rasit yana manne a allon masallaci, littafin kuma yana hannun ma'aji, duk mai so ya duba bayan sallar Isha'i.

Ga iyaye

Wurin nan bai maye gurbin asibiti ba, ba kuma wurin ruƙiyya ba ne. Wanda ake kai wa gashi a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano ya ci gaba da zuwa, wanda ke shan magani ya ci gaba da sha. Ba a ɗora yaro sai da takardar likita, musamman mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba, da wanda ƙashin ƙugunsa ya goce, da masu raunin gaɓar wuya. Ba mu yi wa kowa alkawarin ɗansa zai tashi ya yi tafiya ba. Abin da muka gani da idonmu a makon farko shi ne yaron nan mai keke: mahaifiyarsa ta turo shi ita kaɗai har kan dakali, aka zamar da shi kan kili, ya kife a wuyan dokin kamar yadda ya saba. A zagaye na uku ya dafa hannun majayi ya ɗago kai, ya yi kamar taku goma yana kallon gabansa, sannan ya sake kifewa. Baba zagi bai juyo ba, ya ce da dokin, "Sannu, a hankali."

Hawan 'yan mata safiyar Alhamis ne, mata ne a gefen doki suke dafe da yaran. Na maza safiyar Juma'a, a tashi kafin 11 saboda rana da masallaci. Da bazara za a dawo da shi bayan asuba.

Abin da ya rage, wanda ba ya cikin aikin da aka ba mu: rufin rabin fili saboda ƙurar hunturu da zafin Afrilu, ramin tara kashin doki nesa da rumfa saboda ƙuda, da filastar katangar nan. Muna kuma neman samari da 'yan mata 6 da za a horar su riƙa bin gefen doki suna dafe da yara. Kwamitin gini ya miƙa makullai ga kwamitin gudanarwa, ɗaya yana wurin Baba zagi tunda a nan yake kwana. Wassalam.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gini.