A Cire Hudar Ƙananan Mangwaro Masu Aure

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu lambu da magidantan da suka dasa mangwaro mai aure a daminar da ta wuce. Da zarar hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, da yawansu za su ga dashen da bai kai ƙugu ba ya fitar da huda, su yi murna, su bar shi ya ɗaura 'ya'ya. A ganina wannan kuskure ne.

Reshen da aka yi auren da shi daga tsohuwar bishiya aka yanko shi, shi ya sa yake huda da wuri, alhali saiwar da ke ɗauke da shi ba ta gama kama ƙasa ba. Sannan 'ya'yan mangwaro suna girma ne a bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ƙasa ta bushe kuma ban ruwa ya fi wuya, saboda haka abincin da ya kamata ya tafi ga saiwa da sabon toho sai ya ƙare a 'ya'ya biyu ko uku. Nauyinsu kan lanƙwasa reshen, wani lokaci har ya tsage a daidai mahaɗar auren, kuma bishiyar da ta tsumbure a shekarunta na farko takan daɗe ba ta murmure ba.

Shawarata ita ce a hana dashen haihuwa a shekara 2 na farko. Sai dai kada a yi gaggawar tsinke hudar tana fitowa, domin muddin da sauran sanyi za ta sake fitowa. A jira sai 'ya'yan sun kai girman ƙwayar wake, sannan a datse zangarniyar gaba ɗaya da wuƙa mai kaifi. Haka za a yi wa lemo mai aure, amma ban da gwanda, wadda ɗabi'arta ce ta haihu cikin shekarar farko.

Ina kira ga malaman gona, da reshen Bagauda na cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wato NIHORT, da masu sayar da dashe a bakin titi, da su riƙa yi wa mai saye wannan bayani tun ranar da ya karɓi dashensa a leda.

Wassalam,
Wani mai lambu, daga Zariya