Amsa ga Hajiyar Ƙofar Marusa kan akwatin rage cin wuta

Hajiya, ranki ya daɗe, ina gaisuwa.

Ranar da kika bugo waya gidan rediyo kina tambayata ko ɗan akwatin nan da ake jonawa a soket yana rage cin yunit da rabi, lokaci ya ƙure ban amsa ba. To, ba ya ragewa. Ki riƙe kuɗinki.

Mitar kati ba a yi mata ciniki. Abu biyu take dubawa: ƙarfin abin da kika kunna, da daɗewarsa a kunne. Hitar ruwa mai wat 1000 ta yi awa ɗaya a bokiti, yunit ɗaya ya tafi. Ƙwan LED mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka.

Wani maƙwabcina ya taɓa kawo mini irin akwatin shago, na kwance shi a gabansa. Kafasita ɗaya ce a ciki kamar ta fankar sama, da fis, sai ɗan koren ƙwai mai haske don hankalin mai saye ya kwanta. Ita kafasitar tana da aikinta a masana'antu masu manyan injina, inda ake cajin har wutar da ke kai-komo tsakanin inji da layi ba ta tsinana komai ba. Mitar gida ba ta lissafa wannan. Shi ya sa mai talla yake jona fanka ya nuna miki amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bin waya, ta sauka a na'urarsa. Ta sauka ɗin, amma yunit kike saye, ba amfiya ba.

Ban ga laifin masu saye ba. Tun da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai yunit ɗin 'yan Band A, wato rukunin da aka ware wa wuta ta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 a watan Afrilun 2024, kowa neman sauƙi yake.

Ki gwada da kanki. A fuskar mita akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta adadi, misali 1000 imp/kWh, wato ƙiftawa 1000 yunit ɗaya ke nan. Ki kashe komai ki bar hita, ki ƙirga ƙiftawar minti ɗaya. A jona akwatin, a sake ƙirgawa, za ki ga ƙiftawar ba ta ragu ba.

In har yunit ɗinki na saurin ƙarewa, a fara duba robar murfin firiza, da yawan ruwan zafin da yara ke dafawa da hunturun nan.

Naki,
mai aikin wayarin, Katsina